Zana Tsakanin Gado da Buzu

Abokina ya tsallake wuƙar likita a Zariya lafiya lau, ya dawo gida kunya ta nemi kashe shi a kan gadonsa. Shekaru sun ja, duk waɗanda zan yi wa faɗa a kan maganar sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta ɗauki zafi kamar jiya aka yi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Ni ina Makarfi, ina noma ina kuma gyaran keke a bakin kasuwa. Shi yana Nasarawan Doya, yana da fadamar rake, da rani ya matse ya dafa mazarƙwaila. Tare muka yi karatun allo, rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya, saboda haka babu abin da ɗayanmu ke ɓoye wa ɗaya. In ban da gwaiwa. Wannan kam ya ɓoye mini ita shekara da shekaru, yana ɗaukar damin raken da mutum biyu ke cicciɓawa, yana cije baki. Sai da ta murɗe masa bayan shuka, aka aiko mini yana birgima a ƙasa, sannan na sani. Muka sa shi a lori sai Zariya, aka yi masa aiki, Allah ya ba da sa'a.

Ranar sallama ni ne a tsaye a kansa, don haka ni likita ya ɗora wa nauyi. Ya yi magana da Turanci, malamin asibiti ya juya mini da Hausa. Abu biyu ne: kada ya ɗaga nauyi ko ya tsuguna, kuma ya ci abinci sosai, nama da ƙwai da duk abin da ya samu, don ɗinkin ba zai kame ba in cikinsa babu komai. In kuwa ya buɗe, in ji shi, aiki na biyu ya fi na farko haɗari. Na ce a raina wannan ai mai sauƙi ne. A duk ƙasar Makarfi ban san wanda ya kai mutumin nan cin tuwo ba.

Abin da ya dame ni kawai shi ne wa zai dafa. Iyayensa sun rasu, matarsa kuma tana Likoro gidan iyayenta, ta yi haihuwar fari tana wankan jego, babu halin ta dawo. Maiɗakina ta ce wannan ba abin damuwa ba ne, tukunyarta ta isa. Washegari ta kamo ɗaya daga cikin kajin da take ji da su ta miƙo mini na yanka. Ta yi farfesu da citta da masoro da kanumfari, ta tuƙa tuwon dawa mai laushi, ta dama kunun gyaɗa. Muka jera kwanonin samira, ta ɗaure su da tsumma, na ɗora a bayan keke.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan da marka ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Laka ta kama taya har sai ka sauka ka ƙwaƙule ta da kara. A rafi kuma dole ka naɗe wando, ka saɓa keke a kafaɗa, kana addu'a kada miya ta zubo maka a wuya. Haka na isa jagab, ina jin kaina wani abokin kirki.

A ƙofar gida na ga jaki a ɗaure. Na yi sallama na shiga ɗaki, sai ga wani dattijo zaune a kan buzu a gindin gado, da farin gemu da carbi, gafakarsa rataye a bango. Surukin abokina ne, uban matarsa, malami ne da ke karantarwa a zaurensa a Likoro. Ya bar gonarsa a tsakiyar aiki, ya bar karatu, ya hau jaki ya taho. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwa, ya tambayi hanya, sannan ya ce:

"Tun da 'yata tana hannuna, ba ta da halin jinyar mijinta, ni zan tsaya a madadinta. Ba zan motsa daga ɗakin nan ba sai na ga yaron nan ya miƙe da ƙafarsa."

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Na ce ina ma kowa ya sami suruki irin wannan. Na kwance kwanoni na buɗe farfesu, ƙamshi ya cika ɗaki, na ga maƙogwaron abokina ya motsa. Dattijo ya ce, "Bismillah, tashi ka ci." Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdulillahi, Baba, a ƙoshe nake."

A nan na gane ramin da muka faɗa. A wajenmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ba ya miƙe ƙafa, ba ya ɗaga murya, balle ya buɗe baki ya tura loma. In ka hango surukinka a kasuwa kana shan rake, tofarwa za ka yi ka ɓoye sauran a bayanka. Kowa ya san wannan, kowa kuma ya san maganinsa: in an kawo abinci sai babba ya tuna yana da wata 'yar buƙata a waje, ya tashi ya ba da wuri. Na zauna ina jiran dattijo ya tuna da tasa buƙatar. Bai tuna ba. Sai ma ya gyara zama ya ce, "Yanzu ni ba surukinka ba ne, ubanka ne. Ciwo ya ɗauke maka wannan nauyin, ci abinka." Abokina ya ce, "To, Baba," amma ko kallon kwanon bai yi ba.

Muna cikin haka 'yan dubiya suka fara sallama. Tsakiyar damina ce fa, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Dattijo ya dubi farfesu yana hucewa, ya ce da alama ciwo ya kashe wa yaron nan bakinsa, barin abinci ya lalace kuwa almubazzaranci ne. Ya tura kwanonin gaban baƙi, suka ja su bakin ƙofa. Ina zaune ina kallo aka cinye kazar maiɗakina har da tsotsar ƙashi, wanda aka yi dominsa yana kwance yana kallon jinka.

Haka aka yi ta yi kullum. Dattijo ya tsara zamansa yadda babu wata kafa da za a bi. Salla a ɗaki yake yi, ya ja abokina yana zaune a gado. Alwala a bakin ƙofa, ido ɗaya a kan buta ɗaya a kan mara lafiya. A kan buzun nan yake kwana. In ta kama dole ya zagaya, sai ya jira ɗaki ya cika da 'yan dubiya ya damƙa musu amana, lokacin kuwa an riga an suɗe kwanoni. Shi kansa ban taɓa ganin ya ci abin kirki ba, kusan kullum azumin nafila yake, ya sha ruwa da 'yan dabino fuskarsa na bango. Abin da ke shiga cikin abokina shi ne rubutun sha, safe da yamma, don shi magani ne, ba a jin kunyarsa. Ga kuma gaisuwa. Kowace safiya, da bayan kowace salla, sai ya lallaɓo daga gado ya durƙusa ya gai da surukinsa, abin da likita ya hana da babbar murya. Dattijo ya ce, "Kwanta, kwanta," shi kuma ya ce, "To, Baba," yana durƙushe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gari duk ya ɗauki yabon dattijo. Ko'ina ka tsaya zancen ke nan, an ga surukin da ya fi uba. Su 'yan dubiyar kuma, da bakinsu cike da tuwona, su ne masu binciken abin da ke ramar da mara lafiya. Wannan ya ce likita ya manta wani ƙarfe a ciki, wancan ya ce hannun mutane ne, a nemo mai magani daga Furana. Babu wanda ya dubi kwanon da ke gabansa ya yi tunani. Ko kuwa sun yi tunanin, suka ga ba shi da amfani a gare su.

Akwai wani maƙwabcinsa da ba zan manta ba, wani dogo mai ɗangalallen wando. Wannan bawan Allah da ya jiyo ƙararrawar kekena daga nesa sai tausayin mara lafiya ya taso masa. Kafin in jingine keke ya iso, har ya wanke hannu. Na cire ƙararrawar na bar ta a gida, sai ya koma bin sawun taya. Wata rana yana lasar yatsu ya dube ni ya ce, "Ka gaya wa uwargida, miyar jiya ta fi ta yau jin gishiri." Na ce masa zan isar. Allah kaɗai ya san abin da na haɗiye a ranar.

Na shiga dabaru. Da fari na je wurin limamin garin, na roƙe shi ya gayyaci dattijo ya ja salla a masallaci, tun da babban malami ne ya zo baƙunta. Liman ya taso da kansa har ɗaki. Dattijo ya yi godiya, ya kawo masa bayani a kan uzurin mai jinya, suka shiga tattauna mas'ala, aka miƙa wa liman kwanon kunun gyaɗa ya shanye ya yi addu'a ya tafi.

Sai na zo da fura da nono a gora, na ce ai wannan haɗi ne na musamman da likita ya ce a riƙa ba shi, magani ne. Dattijo ya ji daɗi ƙwarai. Ya karɓi gorar, ya ce magani ba a yi masa haɗama, ya auna ludayi ɗaya ya ba shi, ya toshe bakin gorar ya ajiye sai gobe. Kafin gobe ta yi tsami, dogo ya taimaka da ita.

Daga nan na sa aka dafa ƙwai, na ɓare na zuba a aljihu. Na jira dattijo ya kabbara nafila ya ba mu baya, na cusa wa abokina ɗaya a hannu ta ƙarƙashin bargo.

"Maza ka tura," na ce masa a kunne.

"Zai ji."

"Salla yake yi."

"Kunnensa yana nan."

"Ƙwai ne fa, ba ƙashi ba. Wa ya taɓa jin ƙarar cin ƙwai?"

"Kai ba ka da suruki ne? In ya sallame ya gan ni da kumatu cike, da wane ido zan sake kallonsa? Mutumin da ya ba ni 'yarsa, ya baro gonarsa saboda ni."

"To daga kabari da wane ido za ka kalle shi?"

Ya damƙe ƙwan har dattijo ya idar, washegari na same shi a bayan gado tururuwa sun rufe shi.

A gida kuma ga maiɗakina tana ta murna, kwano na dawowa fes, tana cewa lallai jiki ya yi kyau. Kajinta suna raguwa, tana ƙara miƙo mini. Gonata ciyawa ta ci rabi, masu kekuna suna zuwa rumfata suna komawa, duk don in ciyar da mutanen da ko sunan wasunsu ban sani ba. Na daure, na daure, ran nan da yamma na fashe na gaya mata masu cin kajin. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Wato duk kwanakin nan dogon banzan nan nake yi wa farfesu?"

Na ce shi da jama'arsa. Ta ce, "Ku maza komai sai kun mai da shi shari'a. Ni da ina amarya a gidan nan a bayan zana nake cin tuwona. Innarka tana jin motsina, ba ta ganina, kuma ba wadda ta mutu a cikinmu."

Na ce mata wannan zancen mata ne. Can malami ne guda, ba za a kafa masa zana a gaba kamar an killace akuya ba. Ta ce to, in ci gaba da kiwon dogo. Amma da gari ya waye ta kamo wata kazar, mai ƙwai ce ma, ta ce wannan in ba ta shiga cikin mai ita ba kada in dawo mata da kwano.

Ranar an kwana ana ruwa, rafi ya kawo har ƙugu. Da na kusa gari na ɓoye keke a cikin gero, na ɗora kwanoni a ka, na shiga ta bayan gida kamar ɓarawo don kada dogo ya gan ni. Ni ke canza masa bandeji yadda aka koya mini a Zariya, kuma a wannan lokacin dattijo kan juya fuska bango don kansa, saboda inda ciwon yake. Na kwance tsohon bandejin. Ɗinkin bai kame ba, gefe ɗaya ya ɗan buɗe baki yana ruwa. Mutumin da ke ɗaukar damin mutum biyu, ga haƙarƙarinsa a waje, ido ya faɗa, leɓe ya bushe. Na ɗaure masa sabo.

Aka yi la'asar. Ana sallamewa ya fara jan jiki zai sauko gaisuwa. Na ce kada ka sauko. Ya sauko. Gwiwarsa na taɓa ƙasa ya tafi luu, da ban tare shi ba da kansa ya bugi ƙafar gado. Muka ɗaga shi ni da dattijo, babu nauyi, kamar damin kara. Muka yayyafa masa ruwa ya buɗe ido, abin da ya fara cewa kuma shi ne, "Baba, a yi haƙuri." A jikin sabon bandejin ga jini ya ɓullo.

Nan haƙurina ya ƙare. Na durƙusa a gaban dattijo, na ce:

"Allah ya gafarta malam, yau zan yi rashin kunya, in ya so daga baya a yi mini hukunci. Mutumin nan ba ciwo ne ya hana shi ci ba. Yunwa yake ji kamar ya ci gadon nan. Ku ne. Tun ranar da kuka zo bai sa loma a bakinsa ba, kuma ba zai sa ba muddin kuna zaune. Jinya kuka zo, Baba, amma zamanku ne ke neman kai shi. Don girman Allah ku fita zaure, ko na ɗan lokacin da zai cinye kwano ɗaya ne."

Abokina ya ja bargo ya rufe kansa. Ni kuma na sunkuya ina jiran tsawa, ko dattijo ya naɗe buzunsa ya hau jakinsa, a ce ni na raba zumunci. Ya daɗe yana kallon carbinsa bai ja ba.

"Ɗana," ya ce, "ka ɗauka ban sani ba ne? Ni ma na yi suruki."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na ce, "Kun sani, Baba, kuka zauna?"

"Kullum cewa nake yau yunwa za ta fi ƙarfinsa ya ci. Na sha yin niyyar tashi in ka buɗe kwano. In na dubi ƙofa sai ƙafata ta ƙi."

Sai ya ba mu labarin da ko 'yarsa ba na jin ta taɓa ji daga bakinsa. Ya taɓa yin ɗa namiji, ɗan fari, wanda bisa al'ada bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. Yaron ya zama saurayi, zazzaɓi ya kwantar da shi, har ya fara samun sauƙi. Ran nan uban ya shiga duba shi, uwar ta kawo kunu ta ajiye ta fita, don ita ma ɗan farinta ne. Yaron ya ƙi ɗauka saboda ubansa na tsaye. Sai uban ya yi abin da kowa ke yi, ya tuna yana da buƙata a zaure. Ya zauna can yana duba littafi, yana ba shi lokaci ya sha a natse. Da ya koma ya tarar da ƙoƙon kunun a kife a ƙirjin yaron, kunu ya zube a tabarma, rai ya yi halinsa babu kowa a kansa.

"Kunya ce ta fitar da ni daga ɗakin," in ji dattijo. "Na yi alkawari ba za ta sake fitar da ni daga kan mara lafiya ba. Ka ce in yi komai zan yi, ban da fita."

Duk faɗan da na tara ya rasa inda zai sauka. Ban huce ba, kada a ce na huce. Ga ni dai tsugune tsakanin mutum biyu masu taurin kai, ɗaya ba zai ci ba, ɗaya ba zai fita ba, kowannensu don girman da yake ba ɗayan, farfesu kuma yana sanyi. Na tashi na fita tsakar gida. Akwai zanar da aka kare madafi da ita, na yanke igiyoyinta, na jawo ta a jiƙe sharkaf na shigo da ita ɗaki. Na tsayar da ita tsakanin gado da buzu, na tokare gefe ɗaya da turmi, ɗayan da tulu. Zancen mata, in ji ni da bakina jiya jiya.

"Baba, kuna cikin ɗaki ko?"

"Ina ciki."

"Kai kuma, kana ganin wani?"

Abokina ya leƙo daga bargo, ya dubi zana, ya girgiza kai.

Na tallafe shi ya jingina da bango, na buɗe kwano na ajiye a gefensa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tsoma yatsu ya yagi 'yar tsoka, ya sa a baki, ya shiga mamula a hankali yadda ko ni da ke gabansa ba na ji. Hawaye na bin kumatunsa. Ya ƙara yaga, ya ɗan kurɓi romo shiru kamar mai satar sha.

Daidai nan dogo ya yi sallama a bakin ƙofa, har yau ban san yadda ya gano ni ba. Kafin in buɗe baki dattijo ya amsa daga bayan zana, ya ce mara lafiya yana hutawa, a dawo gobe da sassafe. Na ji takun dogo yana komawa a hankali, yana tsayawa, yana ƙara tafiya. Wannan kam ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ɗaki ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga jikin zana. Can sai muryar dattijo, ta canza, ba irin wadda yake jan salla da ita ba.

"Ɗana."

"Na'am, Baba," na ce.

"Ban ji komai ba."

"Yana ci, Baba."

"Ranar da na rasa wancan yaron ma shiru na ji daga zaure." Ya numfasa. "Ka ce masa ya ci yadda zan ji."

Na dubi abokina. Abin da ya yi ta gudu ke nan duk kwanakin nan, kada a ji taunarsa. Ya dubi zana, ya dube ni, na zare masa ido. Sai ya ɗauki cinyar kazar ya gatsa, ya kai ga ƙashi ya murƙushe shi da turame, ƙas, ƙas, irin cin da na san shi da shi tun muna yara. Ya ɗaga kwano da hannu biyu ya kurɓi romo da ƙara, har gyatsa ta kuɓuce masa.

Daga bayan zana na ji an ce alhamdulillahi a hankali, sannan na ji dattijo yana fyace hanci, ya daɗe yana yi. Na ɗebi tuwo da tsoka a murfin kwano na tura wa dattijo ta ƙarƙashi don ya buɗa baki in rana ta faɗi, yau kam ba dabino ba.

Zanar nan ta zauna a ɗakin har ɗinki ya kame, har abokina ya miƙe ya raka surukinsa bayan gari yana riƙe da linzamin jaki. Har dattijo ya bar duniya ba su taɓa cin abinci suna kallon juna ba, maiɗakina kuma ba ta taɓa barin in manta wadda ta kawo shawarar ba. Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, abin da na sani kawai kwano yana raguwa. Abokina ya suɗe shi tas, ya lashe yatsu, ya jingina yana haki.

"Ya cinye?" in ji dattijo.

"Ya cinye, Baba, ko ƙashi bai bari ba."

"To janye zanar in gan shi."